Ƙarfen yana hannun makaɗi, ba a jikin jita ba

Duk lokacin da aka tuna da Buddy Emmons, makaɗin kantiri (wani salon kiɗan karkarar Amurka) da ya rasu a 2015, sai in ji ana cewa jitar da yake kaɗawa da ƙarfe aka ƙera ta, wai shi ya sa Turawa ke kiranta steel guitar, wato jitar ƙarfe. Abin yana ɗan damuna, amma ban ga laifin masu faɗar haka ba, sunan ne ya kai su can.

Ƙarfen da ake nufi wani guntu ne mai santsi, bai fi yatsa tsawo da yawa ba, wanda makaɗin ke riƙewa a hannun hagu yana zamar da shi a kan tsirkiya. Ba a danne tsirkiyar da yatsu kamar a jitar da muka saba gani. Wannan zamiyar ce ke fitar da sautin nan mai kama da kuka, wanda wasu ke ɗauka goge ne. Salon ma daga tsibiran Hawaii ya fito, a hannun wani makaɗi mai suna Joseph Kekuku, wajen ƙarshen ƙarni na 19.

Emmons a zaune yake kiɗa, jitar na kwance gabansa kamar ƙaramin tebur. Hannun dama na taɓa tsirkiya, ƙafafu na taka feda, gwiwoyi na tura wasu ƙarafa da ke ƙara ko sassauta ɗaurinta. Haka ya yi shekaru yana yi wa mawaƙan kantiri Ernest Tubb da Ray Price kiɗa. Jitocin Sho-Bud kuwa, waɗanda suka fara ƙerawa shi da wani makaɗi mai suna Shot Jackson, da katako ake yin jikinsu.