Wai sai mutum ya rasu ne za mu tuna tare muke aiki?

Jama'a dan Allah akwai abun da ya daɗe yana damuna game da zamanmu a wuraren aiki a nan Gombe, yau dai sai na faɗa.

Mu fa in aka ce wani a ofis ya yi rashi, ko matarsa ta haihu, ko zai aurar da 'ya, nan da nan an fito da takarda kowa ya rubuta sunansa da abun da ya bayar, a cika mota a tafi har Kumo ko Bajoga ko Dukku. Abu ne mai kyau, Allah ya ba da lada. Amma wallahi sau da yawa mutumin da muke zuwa ta'aziyyarsa ya yi watanni yana ramewa a gabanmu, tebur ɗaya muke zama, ba wanda ya ja shi gefe ya ce Malam lafiya kuwa?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ma'aikaci bai ƙara samun sukuni ba. An mayar da mafi ƙarancin albashi N70,000 a 2024, toh amma cire kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, kuɗin keke kullum zuwa da dawowa, me ya rage? Balle masu shara da masu gadi da masu aikin wucin gadi a wurare masu zaman kansu, da yawansu ko kusa da haka ba sa gani.

Kuma mutanenmu akwai kunya da zurfin ciki, ba mai buɗe baki ya ce yau ba a ɗora tukunya a gidana ba, kai ne za ka lura. Wanda kullum ƙarfe goma yake aika a sayo masa masa da miya, kwatsam ya daina, in an ce bismillah sai ya ce ai ya ci a gida, alhali leɓensa a bushe. Wanda ya shigo takalminsa fururu da ƙura yana goge zufa, don daga Pantami ya tako da ƙafa. Ko baiwar Allah da ta iso a makare ido jawur, oga ya hau ta da faɗa gaban kowa, ba wanda ya san a asibiti ta kwana da yaro.

Ba wai sai kana da kuɗi ba fa. Kana da mashin, rage masa hanya. Ka riƙe mata aikinta na awa biyu ta je ta dawo. Baba mai gadi da kake wucewa kullum, tsaya ka gaishe shi ka tambayi iyali, mai shara ma tana da suna, a daina ce mata ke zo nan. Abokin aikinka ɗan Billiri ko Kaltungo da yake riƙe maka wuri ranar Juma'a ka je masallaci, kai ma in Kirsimeti ta zo ka karɓi nasa ba sai ya roƙa ba. In za ka ba da wani abu kuma dan girman Allah ka sa masa a aljihu ku biyu, kar a kai maganar guruf ɗin WhatsApp na ofis, wani gara ya kwana da yunwa da a yi masa wannan tallar.

Ku kuma ogogi, ranku ya daɗe, kafin ku sa hannu a takardar tuhuma ku kira mutum ofis, a rufe ƙofa, ku tambaye shi me ke faruwa a gida.