Kwana 16 cikin sati shida: wa ke tambayar kansil ina yaranmu suke?

Assalamu alaikum 'yan'uwa iyaye, musamman mu da ke zaune a Ingila. Rubutun nan zai yi tsawo, ku yi haƙuri ku karanta, don abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk ƙarshen watan Yuli, ranar da aka rufe makarantu, gabana faɗuwa yake yi. Sati shida cur. A gida dogon hutu ba ya tsorata uwa haka. Akwai islamiyya, akwai gidan kaka, akwai kawu mai shago da zai ce a turo masa yaron ya riƙa tsare masa kaya, akwai maƙwabciyar da za ta tsawatar ko ba kya nan. A nan kuwa daga ke sai maigidanki, kuma kowannenku yana da aikin da bai san hutun makaranta ba. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi, wani lokaci na kwana. In na dawo da safe barci nake nema, yara kuma suna neman inda za su.

Akwai shirin da gwamnati ta tanada saboda wannan, ana ce masa HAF, wato ayyukan hutu haɗe da abinci. Da yawanmu mun san Marcus Rashford a filin ƙwallo, ba mu san yana da hannu a nan ba. A watan Yunin 2020, ana tsakiyar korona, ya rubuta wa 'yan majalisa buɗaɗɗiyar wasiƙa, ya ba da labarin yadda shi kansa ya taso da abincin makaranta na kyauta a Manchester. Washegari gwamnatin Boris Johnson ta fasa niyyarta ta dakatar da tallafin abincin a lokacin dogon hutu. Yaron nan bai saki ba har watan Nuwamba, lokacin da aka amince a faɗaɗa HAF, wanda tun 2018 ake gwada shi a wurare kaɗan, ya game Ingila baki ɗaya daga 2021. Ma'aikatar ilimi ce ke fitar da kuɗin, sama da fam miliyan 200 a shekara, amma kansil, wato ƙaramar hukuma, ake miƙa wa. Ita kansil ce ke zaɓar waɗanda za su gudanar: makarantu, ƙungiyoyin wasanni, ƙungiyoyin addini, ƙungiyoyin unguwa. Ita ce kuma aka ɗora wa duba su, ta tabbatar an tantance ma'aikatansu kafin su kusanci yara, abincin kuma ya cika ƙa'idar abincin makaranta.

Mun ci moriyarsa, ba zan ɓoye ba. Shekarar da maigidana ya rasa aiki muka shiga jerin masu abincin makaranta kyauta, aka turo mana lambar yin rajista. Autata tana da shekara takwas a lokacin. Ina tuna ranar da ta dawo da fenti har gwiwar hannu, riƙe da kofin takarda da ta shuka ƙwayar fure a ciki, tana ba ni labarin gasasshen dankalin turawa da wake da aka ba su kamar wani abincin salla. A wannan hutun aka fara kai ta wurin ninƙaya. Matan da ke kula da su, mafi yawansu 'yan unguwa ne, sun san sunan kowane yaro, har ɗaya ta kira ni a waya ta tabbatar mini naman na halal ne tun ban tambaya ba. Allah Ya saka musu da alheri. Duk abin da zan faɗa a ƙasa ba da su nake ba.

Ku yi lissafin da ni. Ƙa'idar shirin ita ce awa huɗu a rana, kwana huɗu a sati, sati huɗu a dogon hutu, sai sati ɗaya a hutun Ista da ɗaya a na Kirsimeti. Ke nan kwana 16 a cikin hutun da ke da kusan kwanakin aiki 30. Awa huɗu kuma ba ta kai rabin aikin yinin mai kula da tsofaffi ba. Sannan ba kowa ke shiga ba. Sai yaron da ke karɓar abincin makaranta kyauta saboda ƙarancin kuɗin iyayensa, kuma ma'aunin da aka kafa a 2018 ga masu karɓar tallafin gwamnati na Universal Credit shi ne kada abin da gidan ke samu daga aiki ya wuce fam 7,400 a shekara bayan haraji. Ina da ƙawa, tare muke aiki, ita kaɗai ke riƙe da yara uku. Albashinta ya haura wannan ma'aunin, amma bai kai ya biya wa yara uku kuɗin kulab ɗin hutu na kuɗi ba. An ba kowace kansil damar kashe har kashi 15 cikin 100 na kuɗin a kan yaran da ba sa cikin jerin amma suna da buƙata. Ƙawata ba ta taɓa jin wannan ba sai daga bakina, ni ma a takardar gwamnati na gani a intanet. Wa ake ba wannan kaso a garinmu, da wane ma'auni, wa ke zaɓa? Tambayar da ta kamata kansila ya yi ke nan duk shekara.

Amma abin da ya fi hana ni barci shi ne babban ɗana.

Shekararsa 14 a hutun da nake magana. Na buɗe masa jerin abubuwan da ake yi, muka duba tare a wayata. Zane-zane, wasan ɓuya, yin kwalliyar takarda, ƙwallon ƙananan yara. Ya ce, “Umma, waɗannan ai na su auta ne. In na je ni kaɗai ne babba.” Gaskiya ya faɗa. A takarda shirin ya haɗa har da 'yan shekara 16, amma abin da ke cikin jerin garinmu kusan duk na 'yan firamare ne. Guda biyu na gani da suka dace da shi, ɗaya ya cika kafin in tashi daga aiki in yi rajista, ɗayan kuma sai an hau bas biyu. Haka ya ƙare hutun tsakanin wasan kwamfuta a ɗaki da tsayuwa a bakin shagon soyayyen kaza da abokansa. Wata rana da yamma ina dawowa na hango su a tashar bas, su biyar, sun rufe kai da hular riga, ba inda za su, suna kallon motoci kawai. Ba su yi laifin komai ba. Amma duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san su wa ke neman irin waɗannan yaran: masu safarar ƙwaya da ke fara wa yaro da sayen abinci da sabon takalmi, daga baya su ɗora shi a jirgin ƙasa da kaya zuwa wani gari. Na tsaya a tsallaken titi ina addu'a a zuciyata har ya gan ni ya taho.

Mita kaɗan daga tashar nan akwai ginin da maƙwabciyata Baturiya ta ce a nan ta yi 'yanmatancinta, kulab ɗin matasa ne a da, da teburin ƙwallon tebur da ma'aikacin da kowa ke kai wa ƙorafi. Yanzu an toshe tagoginsa da katako.

Ba garinmu kaɗai ba ne. Ƙungiyar YMCA ta bi diddigin abin da kansil-kansil ke kashewa a kan matasa, ta nuna ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 daga 2010, in an yi la'akari da tashin farashi. Ƙungiyar ma'aikata ta Unison ta ƙirga cibiyoyin matasa sama da 1,200 da aka rufe tsakanin 2010 da 2023. Cibiyar bincike ta IFS kuma ta duba Landan a 2024, inda kusan kashi 30 cikin 100 na kulab ɗin matasa suka rufe tsakanin 2010 da 2019, ta gano yaran da aka rufe na kusa da su sakamakon jarrabawarsu ya ragu, shigarsu laifi ta ƙaru. Na san dalilin da ake bayarwa, kuma ba ƙarya ba ne. Gwamnatin tsakiya ta rage abin da take ba kansil, kula da tsofaffi da yaran da ke hannun hukuma yana cinye mafi yawan kasafin, har manyan garuruwa irin Birmingham da Nottingham suka bayyana a 2023 cewa kuɗinsu ba zai iya riƙe kasafinsu ba. In aka zo yanka, a kan wanda ba shi da mai magana wuƙar ke sauka, ɗan shekara 14 kuwa ba ya zaɓe.

Sai dai doka ba ta bar shi haka kawai ba, kuma nan ne nake so mu buɗe ido. Sashe na 507B na dokar ilimi ta 1996 ya wajabta wa kansil ta samar wa 'yan shekara 13 zuwa 19 isassun ayyukan ƙaruwa da na nishaɗi a lokacin da ba sa makaranta, har zuwa shekara 24 ga masu lalura. An saka sharaɗin cewa gwargwadon iyawa, kuma a bayan wannan sharaɗin ake fakewa. Amma sashen ya kuma ce dole a tambayi matasan ra'ayinsu, a yi la'akari da shi, a kuma sanar da jama'a abin da ke akwai. Na tambayi ɗana ko an taɓa tambayarsa, a makaranta ko a wani wuri. Ya ce bai ma san ana tambaya ba.

Kusan kowace kansil tana da kwamitin sa ido, na kansilolin da ba sa cikin majalisar zartarwa, aikinsu su titsiye masu gudanarwa. Zamansu a buɗe yake ga kowa, kuma ana fitar da takardun zaman a shafin kansil aƙalla kwana biyar na aiki kafin ranar. Na nemi canjin aiki na je na garinmu sau ɗaya, ranar da aka kawo rahoton ayyukan hutu. Mu uku ne a kujerun jama'a. Jami'in ya karanta adadin guraben da aka samar da adadin abincin da aka raba, aka nuna hotunan yara suna dariya, kansiloli suka yaba, suka gode. Ina zaune ina jiran wani ya ce: a cikin yaran da suka cancanta, nawa ne ba su zo ko sau ɗaya ba? Nawa ne 'yan sakandare? Wace unguwa ce ba ta da ko wuri ɗaya da yaro zai taka da ƙafa? Guraben da aka yi wa rajista ba a zo ba, an biya kuɗinsu? Yara masu lalura fa, iyayensu sun samu wurin da ya karɓe su? Wata kansila ce kaɗai ta taɓo batun 'yan sakandare, aka ce mata abu ne mai wuya a jawo su, ana kan dubawa, aka wuce zuwa batu na gaba. Minti ashirin bai cika ba.

A ganina ƙirga gurabe aikin akawu ne. Kansilan da aka zaɓa, aikinsa ya nemo yaron da ba ya cikin hoton. Kuma cewa matasa suna da wuyar jawowa, ban yarda da shi ba. Ɗana da ya ƙi zane-zane, shi ne ya tashi da sassafe sati biyu a jere lokacin da wani bawan Allah mai gyaran keke ya yarda ya riƙa zuwa yana koya. Ya dawo da baƙin mai a hannu, yana yi wa babansa bayanin yadda ake ɗaure birki. Ku ba su dambe, gyaran keke, girki na gaske, ɗaukar hoto, haɗa sauti, ku sa shi da yamma lokacin da suke farke, ku ga ko ba za su zo ba.

Yanzu bari in dawo kanmu. Mu baƙi, kansil a wurinmu abu biyu ce: inda ake biyan haraji, da inda ake tsoron kada a ƙwace maka ɗa. Saboda wannan tsoron wasu ba sa ma cike takardar abincin makaranta kyauta, wasu kuma kunya ce, kada a ce suna karɓar sadaka. Harajinmu ne, 'yar'uwa, duk wata ana cire shi. Har waɗanda bizarsu ta hana su karɓar tallafin gwamnati, tun 2022 an buɗe wa yaransu abincin makaranta kyauta in kuɗin shigarsu bai wuce ma'aunin da aka sa ba, ku tambayi ofishin makaranta. Sannan duk ɗan Najeriya ko Ghana ko Kamaru da ke zaune a nan da izini yana da damar yin rajistar zaɓe, saboda ƙasashenmu suna cikin ƙungiyar Commonwealth. Zaɓen kansiloli yawanci Alhamis ta farko a watan Mayu ake yin sa, kuma a wasu mazaɓu 'yan ƙuri'u kaɗan ne ke raba gardama. Muna cika zaure ranar suna da ranar salla, mu ɗari biyu, amma kansilan unguwarmu bai san muna nan ba. Yawancinsu suna da ranar da suke zama a laburare ko zauren unguwa suna sauraron jama'a, ba sai da lauya ba, ba sai da Turanci mai kyau ba. In an ƙi ba ki amsa da baki, dokar 'yancin samun bayanai ta 2000 ta ba ki damar tambaya a rubuce, kuma dole a amsa cikin kwanakin aiki 20.

Ni dai na rubuta tawa. Tambaya uku na yi: yara nawa 'yan sakandare ne suka halarci shirin a hutun da ya wuce, yaya aka raba kason nan na kashi 15, kuma yaushe aka tambayi matasan garin ra'ayinsu kamar yadda sashe na 507B ya ce. Ɗana ne ya taya ni gyara Turancin. Da ya gama karantawa ya ce, “Umma, in za ki koma zaman nan, zan iya bin ki?” Na ce masa ya gayyato abokan nan nasa huɗu na tashar bas, akwai kujeru. Duk wadda ke garinmu take son zuwa ta yi mini magana ta akwatin saƙo, zan turo ranar da zarar an fitar da ita.