Tsohuwar da na gani tana jan carbi a asibitin Indiya

Jama'a salamu alaikum, rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda yake sauri ya ajiye sai ya samu natsuwa.

Lokacin da na raka yayana jinya Indiya kusan wata biyu muka yi a Delhi, kuma duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san dare shi ne abin tsoro, rana dai ko ba komai akwai hayaniya. A barandar da muke zama gaban ɗakin masu ciwo mai tsanani akwai wata tsohuwa, mijinta ne a ciki an yi masa aikin zuciya. Kullum da toka a goshinta, hannunta na dama cikin wata 'yar jaka, bakinta na motsi amma ba ka jin komai. Sai ranar da jakar ta zame na ga ashe carbi ne a ciki, 'ya'yansa masu kaushi kamar busasshen ƙwallon magarya. Ni ina jan nawa a wannan kujera, ita tana jan nata a waccan, har asuba. Ɗanta ne ya fara yi min bayani, daga baya ni ma na bi abin na karanta don ya tsaya min a rai.

Bari in faɗa tun yanzu kafin wani ya fassara ni, ni Musulmi ne, babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, a kan haka nake kuma ina roƙon in mutu a kai. Amma abin da yake damuna shi ne tun muna yara muke kallon finafinan Indiya, muna jin Om Namah Shivaya ana rerawa, kuma mafi yawanmu abin da muka ɗauka kawai surkulle ne irin na boka, a karanta hayaƙi ya tashi aljani ya fito. Wallahi ba haka masu abin suka ɗauke shi ba, kuma a ganina rashin adalci ne ka shekara talatin kana kallon mutane ba ka taɓa tambayar me suke nufi da abin da suke faɗa ba.

Su mabiya Shiva, ɗaya daga manyan abubuwan bautar mabiya addinin Hindu, wannan kalma da suke kira mantra a wajensu sauti ne mai tsarki da ake maimaitawa har ya zauna a zuciya. Babbar cikinsu ita ce wannan Namah Shivaya ɗin, ma'anarta a taƙaice na rusuna wa Shiva. Gaɓa biyar ce, na, ma, shi, va, ya, shi ya sa suke ce mata Panchakshara wato mai harafi biyar, kuma suna danganta kowace gaɓa da ɗaya daga abubuwa biyar da suka ce da su aka gina duniya, ƙasa da ruwa da wuta da iska da sarari. Asalinta yana cikin wata doguwar addu'a mai suna Sri Rudram a littafinsu na Yajurveda, abin da ake karantawa tun kafin haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru. A kudancin Indiya yankin Tamil suna da waliyyansu 63 da ake kira Nayanar, akwai wani cikinsu Appar da ya rayu a ƙarni na 7, labarinsu ya ce sarki ya sa aka ɗaure shi jikin dutse aka jefa a teku, ya riƙa rera wannan kalma sai dutsen ya taso da shi saman ruwa. Ka yarda ko kar ka yarda, da irin wannan labarin ake renon yaransu, to ka ga nauyin da kalmar take da shi a ƙirjinsu.

Carbin nan kuwa rudraksha sunansa, 'ya'yan wata bishiya ce da ake samu sosai a Nepal da Indonesiya, guda 108 ne, sai wani babba guda ɗaya a sama da ba a tsallake shi, in ka zo kansa juyawa kake yi ka koma baya. Ba sa taɓa shi da manuniya, da babban yatsa da na tsakiya ake ja. Kuma jan ma hawa uku ne, akwai na bayyane, akwai na raɗa wanda leɓe kawai ke motsi kamar na tsohuwar nan, akwai na zuci zalla, kuma sun ce na zucin ya fi duka daraja.

Amma wadda ta fi taɓa ni ita ce wadda tsohuwar take yi, ba ma mai gaɓa biyar ɗin ba ce, wata ce da ake kira Mahamrityunjaya, wato mai rinjayar mutuwa, tana cikin littafinsu na Rigveda kashi na 7, ita ake karanta wa marar lafiya da wanda ke cikin haɗari. Da ɗanta ya fassara min sai da na yi shiru. Ana roƙon mai ido uku ne, wato Shiva, ana cewa kamar yadda gurji yake rabuwa da yaɗonsa, ka kwance ni daga mutuwa, kar ka raba ni da dawwama. Duk wanda ya taɓa shiga gona ya san wannan hoton, gurji in ya nuna sosai ba sai ka sa wuƙa ba, taɓawa kaɗan ya saki igiyarsa, ɗanye kuwa sai ka fizga ka ji wa yaɗon ciwo. Na tambaye shi to roƙon warkewa ne ko roƙon mutuwa mai sauƙi, ya ce min duka biyun ne, mahaifiyarsa ta san cewa ba ita ke zaɓa ba.

Wannan ne ya kawo ni kan abin da yake ƙona min rai. Shiga YouTube ka gani, bidiyo birjik, wai saurari wannan sau 108 kuɗi su zo maka, saurari wancan kana barci ciwo ya tafi. Alhali a koyarwarsu ta asali mantra daga bakin malami ake karɓarta, da wani biki da suke kira diksha, ya raɗa maka a kunne ya koya maka furucin daidai, don masu karatun Veda, wato tsofaffin littattafansu masu tsarki irin su Rigveda da Yajurveda, ba sa wasa da furuci, akwai salon hadda da suke maimaita kalmomi gaba da baya don kar harafi ɗaya ya canza, har hukumar UNESCO ta sa wannan karatu cikin kayan gadon ɗan Adam a 2003. Sannan a Kashmir a ƙarni na 9 wani malaminsu Vasugupta ya zo da 'yan gajerun jimloli da ake kira Shiva Sutra, ɗaya daga ciki kalma biyu ce rak, chittam mantrah, ma'ana zuciya ita ce mantra. Wato in baki na motsi zuciya na kasuwa, a wajensu ba ka yi komai ba. Mu da aka tashe mu da jin cewa zikiri ba halartowar zuciya kamar gangar jiki ne ba rai, wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, duk da cewa wanda muke kira da wanda suke kira ba ɗaya ba ne, kuma ba zan taɓa cewa ɗaya ne ba.

Mijin nata bai tashi ba. Daren da likita ya fito ya kira ɗan gefe ina zaune ina kallo, tsohuwar ta ɗago ta dube su ta gane, hawaye na zuba amma yatsunta ba su tsaya ba sai da ta kai kan babban ƙwallon nan, sannan ta naɗe carbin ta mayar jaka ta miƙe. Da za su wuce ta tsaya gabana ta nuna ƙofar ɗakin da yayana yake, ta haɗa tafukanta biyu, ta faɗi wata magana da harshensu, ɗan ya ce min wai tana cewa naka ya tashi lafiya. Na ce masa ya gaya mata na gode Mama, Allah ya ba ku haƙuri. Bayan kwana tara aka sallame mu.