Masu raina hadda, ku leƙa tsohuwar Indiya

Duk sanda na ji wani yana cewa hadda aikin aku ce, sai hankalina ya tafi kan ɗaliban Veda, wato nassoshin addinin Hindu, na tsohuwar Indiya. Addininsu daban, nawa daban, amma abin a yaba ne, kuma zan yaba.

Rigveda, wani sashe na Veda, shi kaɗai waƙoƙi 1,028 ne, baitoci sun haura 10,000, an tsara su fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Ƙarnuka masu yawa ba takarda ba tawada, daga bakin malami sai kunnen yaro. Duk da haka lafazin da karin muryar suka iso zamaninmu, har UNESCO ta sanya wannan karatu cikin gadon ɗan Adam a 2003.

Yaro ɗan Barahama, wato ajin malaman addininsu, yana shekara 8 ake yi masa bikin shiga karatu da suke kira upanayana, ya tare a gidan malami, galibi shekara 12. Da itacen wuta a hannu yake zuwa neman karatu. Shi ne kiwon shanu, shi ne kula da wutar ibada, ya fita bara ya kawo wa malam. Wanda ya san tsangaya ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Inda suka fi burge ni shi ne tilawa. Yaro zai haddace baiti a dunƙule, sannan ya warware shi kalma-kalma. Sai krama: kalma ta ɗaya da ta biyu, ta biyu da ta uku, ta uku da ta huɗu, kamar zaren saƙa. A jata kuwa, kowace kalma biyu zai karanta su gaba, ya juya su baya, ya sake dawowa gaba. To ta ina harafi zai zame? Ga malam zaune dab da shi, ko wasali ya karkace sai an maimaita. Wannan ba aikin aku ba ne, wallahi, mutane ne da suka zauna suka yi tunani kan yadda mantuwa ke shigowa, suka toshe mata kowace kafa.

Abin da ke ci mini rai game da su ɗaya ne. Ƙofar ba ta kowa ba ce. 'Ya'yan Shudra, wato ƙasƙantaccen aji a tsarinsu, an haramta musu wannan karatu. Ina tunanin yaron da yake da kunne da ƙwaƙwalwar da za su ɗauke baitocin nan duka, yana wucewa ta bayan danga da kaya a ka, yana jiyo sa'o'insa suna rerawa.