Kafin a watsa farar wuta a sama, a tambayi manomin Gumel

A ƙauyukan arewacin Jigawa da Kano, daga Maigatari zuwa Ɓaɓura, daga Ɗambatta zuwa Kunci, da wuya ka sami gidan da ba a ba da labarin farin 1973 da na 1984. Gero ya tsaya a gwiwa ya ƙone, rijiyoyi sun ƙafe, shanu sun faɗi warwas a kasuwa, magidanta sun bar iyali sun tafi ci-rani. Da fari ya wuce sai hukunci ya biyo baya: ku kuka jawo wa kanku. Kun sare itatuwa, dabbobinku sun cinye ciyawa, shi ya sa ruwa ya ɗauke, hamada ta matso. An nanata maganar a rediyo, malaman gona sun kai ta dandalin kowane gari, har muka haddace ta muna faɗa wa 'ya'yanmu.

A ganina zargin nan ya fi laifin girma nesa ba kusa ba, kuma bai kamata mu ci gaba da ɗaukarsa a ka ba, domin abin da ya taimaka wajen cinye mana damina a wancan lokaci, wato hayaƙin farar wuta da ke tare rana, yau akwai masu shawarar a watsa shi a sama da gangan.

Zargin yana da tushe. A 1975 wani masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo hasashen cewa ƙasar da aka tsiraita ta fi haske, tana mayar da hasken rana sama, sai iska ta kasa tashi ta haɗa hadari. Hasashe ne mai ma'ana, kuma ya yi wa masu ba da agaji daɗi, tunda ya ajiye laifin a gonar talaka. Amma a 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa idan aka ba kwamfuta bayanan zafin tekuna kaɗai, ba tare da an sa mata labarin sare itace ko kiwo ba, tana fito da yawancin hawa da saukar ruwan Sahel na ƙarnin da ya wuce, har da farin. Ashe akalar daminarmu tana teku. Sai tambaya ta koma: me ya sauya zafin tekun?

Nan ne maganar burbushin da ke shawagi a iska ta shigo, abin da masana ke kira erosol. Mu ba baƙi ba ne gare shi. Hazon da ke rufe mu daga Disamba zuwa Fabrairu mafi yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Cadi, busasshen gindin tsohon Tafkin Cadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi ƙasa mai laushi. Ranar da hazo ya yi kauri mutum na iya kallon rana ido da ido, garin kuma ya wuni da sanyi. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa abin da ido ba ya iya rarrabe ƙwayarsa yana iya tare rana.

Ƙura ita a shirye take tashi daga ƙasa. Wanda ya fi ban mamaki shi ne burbushin da ake haifa a cikin iskar kanta. Kwal da baƙin mai suna ɗauke da farar wuta. Idan aka ƙona su a masana'anta, ko tashar lantarki, ko jirgin ruwa, farar wutar tana fita a matsayin iskar gas da ba a gani. A sama hasken rana da sauran sinadarai su juya ta ta zama asid. Ƙwayoyin asid ɗin su riƙa cin karo suna mannewa da juna da tururin ruwa, amma ƙullin da suke yi yakan warware nan take, sai idan ya sami abin da zai ɗaure shi. Babban mai ɗaurin shi ne amoniya, wato warin nan mai hawa kai da ke tashi daga turken dabbobi da takin yuriya. A cibiyar bincike ta CERN da ke Suwizalan an gina wani ɗaki na ƙarfe domin kallon wannan haihuwa, kuma a 2011 suka ba da rahoton cewa ɗan amoniya kaɗan yana ninka saurinta sau 100 zuwa 1,000. Ƙwayar tana farawa da girman kashi 1 ko 2 cikin miliyan na milimita. Idan ta tsira ta ninka girmanta kamar sau 50, ta isa ta zama abin da ɗigon gajimare zai taru a kai.

Domin tururi ba ya zama ɗigo haka kawai. Kamar yadda raɓa ke neman ganye ta sauka, haka tururin sama ke neman ƙwaya. John Aitken ɗan Sikotilan ya nuna haka tun wajajen 1880: iskar da aka tace tas ba ta yin gajimare cikin sauƙi. Allah ne mai saukar da ruwa, babu Musulmin da ke ja da wannan, amma Ya sanya wa kowane abu sababi, kuma binciken sababin ba ya rage imani da komai. Yau ana ƙiyasta cewa kusan rabin ƙwayoyin da gajimare ke taruwa a kansu, a cikin iska aka haife su ta wannan hanya.

To idan ƙwayoyin suka yi yawa fa? Ruwan da zai taru a ɗigo manya kaɗan sai ya rarrabu zuwa ɗigo ƙanana masu ɗimbin yawa. Irin wannan gajimare ya fi fari, ya fi mayar da hasken rana, abin da ke ƙarƙashinsa kuma sai ya yi sanyi. Su kansu ƙwayoyin farar wutar suna mayar da haske. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na 2021, ya ƙiyasta cewa hayaƙin farar wuta yana ɓoye kimanin rabin maki na ɗumamar duniya a ma'aunin salshiyas.

Daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa wajajen 1980, masana'antun Turai da Amurka da Tarayyar Sobiyet sun turnuƙe arewacin duniya da wannan hayaƙi. Burbushin ba ya daɗewa a iskar ƙasa, mako guda ko makamancinsa ruwa ya wanke shi, saboda haka bai bazu ko'ina daidai ba, ya taru a arewa. Arewacin Tekun Atlantika ya yi sanyi idan aka kwatanta da kudancinsa. Ita kuwa ɗamarar hadarin da ke kawo mana damina, wadda ke hawowa daga kudu tana isowa gare mu a Yuni ta koma a ƙarshen Satumba, ɓangaren da ya fi ɗumi take bi. Da arewa ta yi sanyi sai ta rage hawowa. Mutumin Inugu ba zai ji wannan a jikinsa sosai ba. Mu da ke bakin iyakar inda take tsayawa, ɗan ja da bayanta shi ne bambancin rumbu cike da rumbu wayam. Ruwan Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 tsakanin shekarun 1950 da na 1980, Tafkin Cadi kuma, da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan.

Masana suna jayayya har gobe kan yawan kason hayaƙin a cikin farin, da kason juyin da teku ke yi da kansa, da na ɗumamar Tekun Indiya. Amma binciken Rotstayn da Lohmann na 2002, da na masanan Jami'ar Washington na 2013, duk sun nuna cewa hayaƙin yana da hannu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kuma da Turai ta fara tsabtace hayaƙinta, ba don mu ta yi ba. Ruwan sama mai asid ne ya lalata mata dazuzzuka da tafkuna, aka ƙulla yarjejeniyar 1979 ta rage gurɓatar iska, sannan a 1985 aka amince a rage farar wuta da kashi 30 cikin 100. Daga shekarun 1990 damina ta fara farfaɗowa a wajenmu, ko da yake ta dawo da wani hali: ruwa mai ƙarfi a lokaci guda, irin wanda ya shanye gonaki da gidaje a Ringim da Haɗejiya da Auyo a 2022.

Abin da ya sa na ɗauko wannan tsohon zance shi ne sabuwar shawarar da ke yawo a jami'o'i da kamfanonin ƙasashen arewa: tunda an kasa rage iskar kabon da ke ɗumama duniya, a riƙa tura jiragen sama suna watsa farar wuta a nisan kilomita 20 daga ƙasa, sama da inda gajimare ke kaiwa, domin ta tare rana. Hujjarsu dutsen Pinatubo na Filifin, wanda ya yi aman wuta a Yunin 1991 ya cilla tan miliyan 15 zuwa 20 na iskar farar wuta, duniya ta yi sanyi da kimanin rabin maki a shekarar da ta biyo baya. Ba tatsuniya ba ce. A 2022 wani ƙaramin kamfanin Amurka ya saki balan-balan ɗauke da farar wuta a Meziko ba tare da izini ba, gwamnatin ƙasar ta ce za ta haramta irin haka a Janairun 2023. A 2025 wata hukumar bincike ta gwamnatin Birtaniya ta ware kusan fam miliyan 57 domin nazarin hanyoyin sanyaya duniya.

Su Pinatubo suke kallo, mu kuwa akwai wasu duwatsu biyu da ya kamata mu kalla. A Yunin 1912 wani dutse ya yi aman wuta a yankin Katmai na Alaska. A 1913 damina ta gaza a ƙasar Hausa, aka shiga yunwar da kakanninmu suka kira Kakalaba. A 1982 dutsen El Chichon na Meziko ya fashe, farin 1983 da 1984 ya biyo baya. A 2013 Jim Haywood na hukumar yanayi ta Birtaniya da abokansa suka lura da wannan jeri, suka gwada a kwamfuta: idan aka watsa farar wuta a arewacin duniya kaɗai, Sahel na shiga fari, idan a kudu aka watsa, Sahel na samun ruwa, amma arewa maso gabashin Birazil na bushewa. Ma'ana, wanda ya zaɓi inda jirgin zai bi, ya taɓa abincin wani, ko ya sani ko bai sani ba.

Masu goyon bayan shirin suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce zafi mu yake fara kashewa. Gaskiya ne: a Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai maki 48.5, kuma duk wanda ya yi azumin shekarar a Birniwa ko Gumel ba sai an ba shi labari ba. Sun ce idan aka watsa daidai a ɓangarorin biyu, ɗamarar hadarin ba za ta gusa ba. A kwamfuta haka ne. Amma wa zai riƙe ma'aunin? Burbushin da ke can sama shekara ɗaya zuwa biyu yake yi ya sauko, iskar kabon da yake rufa wa asiri kuwa ɗaruruwan shekaru take yi. Dole ke nan a ci gaba da watsawa ba fashi, tsara bayan tsara, cikin yaƙi da zaman lafiya, cikin sauyin gwamnatoci. Ranar da aka tsaya, zafin da aka danne zai taso cikin 'yan shekaru, da saurin da iri da dabba ba za su iya bi ba. Ƙasashen da har yau suke jan ƙafa wajen biyan kuɗin da suka yi wa matalauta alkawari kan sauyin yanayi, ban ga dalilin da zai sa mu miƙa musu linzamin daminarmu a kan amana ba.

Shi ya sa na yaba wa ministocin muhalli na Afirka da a taronsu na Addis Ababa a 2023 suka nemi a ƙulla yarjejeniyar hana amfani da wannan dabara, kuma ƙasashen Afirka suka tsaya a kan haka a taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi a farkon 2024. Sai dai cewa a'a kaɗai ba ta isa ba. Wanda ba shi da alƙaluma, ko an ba shi kujera a taro, sauraro zai yi.

Laifi tudu ne, don haka ba zan tsallake namu ba. Kunkunniyar da ke rufin madafi, ita ce irin abin da ke shiga huhun matar da ke hura kara da kashin shanu safe da yamma da goyo a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki yana kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara. Murhu mai rage hayaƙi, da daina cinna wa gona wuta lokacin sharar gona, aikinmu ne, don lafiyarmu da ta ƙasarmu. Haka raya gawo da sauran itatuwan gona, yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka yi: yana riƙe ƙasa, yana ba dabba abinci, yana rage ƙarfin iska. A yi shi don amfaninsa, ba don kaffarar laifin da ba mu kaɗai muka yi ba.

Abin da ya rage na hukuma ne. Tashar auna burbushin iska ta Najeriya da masana duniya suka fi dogaro da ita, wadda ke cikin tsarin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, tana Ilorin tun 1998, nesa da bakin iyakar da hazo ke fara shigowa kuma damina ke ƙarewa. Ya kamata hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ta haɗa hannu da Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse a kafa irin wannan na'ura a Maigatari ko Ɗambatta, a kuma horar da ɗalibanmu su riƙa gwada waɗannan shirye-shirye a kwamfuta da kansu, su ga abin da kowanne zai yi wa ruwan Yuli da Agusta a kan gero da dawa da wake. Gwamnatocin Kano da Jigawa su ma suna da bakin magana a Abuja. Su nemi duk wakilin da Najeriya za ta tura taron da za a tattauna wannan batu ya tafi da tambayoyi uku a rubuce: a wane ɓangaren duniya za a watsa, wa ke da ikon cewa a tsaya, kuma idan damina ta gaza a Sule Tankarkar bayan an watsa, wace kotu manomi zai je, wa zai biya shi.