Tsohuwa ta karye a ƙugu: me zai hana nas ta kashe mata zafin?

Goggona a banɗaki ta zame, da asuba, tana shirin alwala. Da muka ɗago ta, ƙafar dama ta gajarce, tafin ya juya waje. A A-daidaita-sahu muka kai ta asibiti, kowane rami sai ta yi salati. Can aka yi mata allurar diclofenac, aka ce a jira likita. Da za a ɗora ta kan gadon hoto, ihun da ta yi ya sa ƙaninta ya ce, “Ku sauke ta, mu tafi wajen mai ɗori.” Da ƙyar muka danne shi.

Mutane na cewa tsoron kuɗin tiyata ne ke kora masu karaya wajen masu ɗori. Haka ne. Amma sa'o'in nan na farko ma suna kora su, lokacin da dangi ke kallon uwarsu tana murƙususu.

Alhali akwai dabara. Tun 1989 wani likitan Faransa mai suna Dalens da abokan aikinsa suka bayyana wata allura da ake yi a lanƙwasar da cinya ta haɗu da mara. Ana zuba maganin kashe zafi irin bupivacaine ƙarƙashin wani tantani, ya malala ya jiƙa jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo daga ƙugu. Kafin rabin awa ciwon ya lafa, ya kuma ɗau sa'o'i bai dawo ba, mutum idonsa biyu. A Ingila an daɗe ana horar da nas-nas suna yin ta a ɗakin imajansi, kuma ƙa'idar 2011 ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a can, ta ce ƙwararren ma'aikaci ya yi irin wannan allura idan sauran magunguna sun gaza. Ƙa'idar ta kuma ce a guji dangin diclofenac a wannan karaya. Ga tsoho, ƙoda da gyambon ciki ne abin tsoro. Su kuwa tramadol da pentazocine, sai su bar tsohuwa da jiri da amai da ruɗewa, har dangi su fara zancen iskokai.

To a Kano wa zai yi ta? Likitocin sa barci a Najeriya ba su kai ɗaya ga mutum dubu ɗari ba, kuma wanda ke bakin aiki yana ɗakin tiyata kan mai haihuwa. Nas ce ke bakin ƙofa. Muna da Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, muna da nas-nas da tuni suke sa barci a tiyata, kuma tun 2014 gwamnatin tarayya ta amince da tsarin miƙa wasu ayyukan likitoci ga sauran ma'aikatan lafiya.

Likitocin da ke ɗari-ɗari ba kishi kawai ke cin su ba. Idan maganin ya shiga jijiyar jini, yana iya jawo jijjiga, har zuciya ta tsaya. Wanda kuma aka riga aka yi wa allurar kashe zafi mai ƙarfi, da zarar ciwon ya ɗauke numfashinsa na iya yin ƙasa. A garin da mai kemis ke sa ƙarin ruwa a bayan kanta, dole a ji tsoro. Saboda haka ban ce kowace nas ba. A zaɓi na imajansi, likitocin sa barci su koyar da su, su sa musu hannu. A auna magani da nauyin majinyaci, a zauna kansa ana duba numfashi da bugun jini, a ajiye ruwan maiƙon da ake sawa ta jijiya don karya gubar maganin a akwatin da ba a kulle ba.

Allurar ba ta ɗinke ƙashi, tiyata ce magani, kuma gara a yi ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Ta goggo sai da ta kai kwana tara muna haɗa kuɗi. Duk juyin da za a yi mata don kada bayanta ya yi gyambo, mutum huɗu ne ke riƙe ta.