Vespar Baba da Abin da Baffa Ya Yi Min

Waɗanda suke majalisa ranar Juma'ar nan ba sai na ba su labari ba, kuma na san akwai wanda ya ɗauka a waya, Allah na ganinsa. Sauran ku gara ku ji daga bakina kafin a ƙara masa gishiri.

Vespar Baba dai kun san ta, Super 150 ɗin nan da ya saya da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan da aka yi wa ma'aikata, a 1975, wadda ta shekara ashirin da ɗoriya a ɗakin zaure har kaji suka mayar da wurin ɗora ƙafa akurki. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 motata ta koma ta zuwa ɗaurin aure kaɗai. To bana da sanyi ya kankama, hirar waje ta gagara bayan isha'i, sai na ce bari in tashi wannan tsohuwa. Wata biyu ina zaure da hular sanyi da fitilar caji. Na kwance kafireto, na wanke da fetur har yatsuna suka tsage kamar diddigen manomi. Ƙofar Ruwa kuwa na je ta fi sau shida. Da na ce ina neman taya mai inci 8, mai shagon ya dube ni ya ce ta baro nake so ko ta adaidaita sahu. Fenti na yi da kaina, shuɗi, a tsakar gida, ranar da hazo ya fi kowace rana. Kafin ya bushe ƙura ta bi shi ta manne, sai ta fito kamar tsiren da aka barbaɗa wa ƙuli. Na kankare na sake. Na sa mata sabuwar kujera ja, madubi huɗu, tuntu a hannaye, aka rubuta min “Hassada ga mai rabo taki” a baya. Da na gama haɗawa sukurori uku suka ragu a gwangwanin madara, har yau ban san gidansu ba.

A nan ya kamata in kawo zancen Baffa na gidan kusurwa. Shi ne abokin yawon Baba, tare suka yi zamanin Vespa. Tun makon farko ya leƙo zauren da sandarsa ya ce, “Yaro, in kana so in duba maka ita.” Ni kuma bakina da ba ya jin magani na ce, “Baffa ku huta, ai komai yana YouTube, akwai wani Bature ɗan Italiya da nake bi, can aka ƙera ta ma.” Ya ce to, madalla. Ya juya ya tafi. Ni na ɗauka magana ta wuce.

Daren Alhamis ta tashi a zaure, bugu uku. Na yi ta murna har Maman yara ta aiko a ce min jama'a na barci. Kafin in shiga na rufe famfon mai da hannuna, ɗan ƙarfen nan da ke ƙasan kujera, tsakanin ƙafafu, mai rufe da buɗe da rizab, don kada ta yi yoyo cikin dare. Da hannuna fa.

Bayan an sauko daga Juma'a na fito da farar shadda, wadda na ɗinka da Sallah, na karya hula. Kik ɗaya ta kama. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na murɗa giya a hannun hagu, na saki kuloci a hankali, na taho ina danna hon ɗin nan nata mai kukan agwagwa, yara na bina da gudu. Na ɗaga wa mai kanti hannu. Na iso daidai gindin dogon yaro, inda majalisa ta cika maƙil, na ɗaga hannu zan yi musu irin gaisuwar 'yan siyasa, sai ta yi tari sau biyu, ta yi wani ɗan nishi, ta mutu. Ɗan man da ya kwana a kafireto ne ya kawo ni nan, ya ƙare a gaban mutanen da suka fi kowa jiran wannan rana.

Na sauko ina murmushi na ce sanyi ne. Na kafe ta, na ja cok, na buga kik. Shiru. Na sake. A na biyar murmushin ya fara nauyi. A na goma wani ɗan almajiri da ke zaune da robarsa ya fara ƙirgawa da ƙarfi, da irin muryar da ake biya allo: “Sha ɗaya! Sha biyu!” Babu wanda ya hana shi. Malamin makarantar nan da kuka sani har gyara masa ya yi da ya tsallake sha bakwai. Ana sanyin da mutane ke rungume da hannayensu, ni gumi ya jiƙa min shadda har gadon baya. A na ashirin da uku ƙafata ta zame daga kik, ƙaurina ya daki ƙarfe, na haɗiye abin da ya zo bakina saboda liman na wurin.

Sai masana suka taso. Mutumin nan namu, wanda tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 bai sake riƙe kan babur ba amma har gobe shi ne farfesa, ya ce fistin ne ya ƙone, shi tun daga ƙararta ya ji. Wannan mutumin fa shi ne ya ari sifanata mai lamba 10 tun watan Maulidi, kullum sai ya ce tana hannun yaronsa. Shi ne kuma ya taɓa kawo min 'yan gwangwan har gida su taya Vespar a kilo, wai taimakona yake yi. Yanzu ga shi tsaye a kaina yana cewa da ma ya faɗa. Na buɗe murfin gefen dama, na kwance fulogi, na ɗaga shi sama kowa ya gani. A bushe yake ƙamas. Na ce, “Kun gani, fulogi ƙalau.” Fulogin da aka buga wa kik talatin ya fito a bushe, ko yaron bakanike na wata ɗaya ya san mai ne ba ya zuwa. Ni kuwa na hure shi na mayar.

Aka ce a tura. Na hau, na sa giya ta biyu, samari huɗu suka kwashe ni zuwa bakin masallaci, na saki kuloci, ta yi gurrr ta tsaya. Suka juyo da ni. Sau uku ana kai ni ana dawo da ni a gaban majalisa kamar amaryar da aka rasa gidan da za a kai ta. A zuwa na biyu iska ta ɗauke min hula. A na uku matan layin sun fito ƙofar gida, har da Maman yara, da na hango ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Duk wannan abin Baffa yana kan tabarmarsa yana ɓare goro. Sai da aka ajiye ni ina haki, almajirin nan ya sanar da arba'in da ɗaya, sannan ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe rigarsa, ya tako. Ko sunkuyawa bai yi ba. Da kan sandarsa ya zunguri famfon, ya juya shi. Ya ce, “Jira kaɗan ya sauka. To, taka.”

Bugu biyu.

Ihun da aka yi sai ka ce an ci ƙwallo. Kuma da yake injinta irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai ne, kashi 2 cikin 100, ni kuma na zuba da ido don tsoron kada ta ƙone, hayaƙin da ta saki sai da ya tashi mai shayi daga teburinsa.

Na ce, “Baffa, tun yaushe kuka gani?” Ya ce tun ina fitowa daga zaure. Na ce, “Haba Baffa, shi ne kuka bar ni?” Ya tauna goronsa ya ce, “Ai na ɗauka Baturen naka zai faɗa maka.”

Wata biyu fa. Dattijo mai jikoki ya riƙe magana ɗaya wata biyu, kullum muna sahu ɗaya a masallaci, yana amsa gaisuwata da fara'a. Jiya da na je gaishe shi ya ce ƙarar giyarta ba ta yi masa ba, wai akwai abin da ban ɗaure ba a ciki. Na kawo masa zancen sukurori ukun nan, sai ya ce in kawo masa su ya gani, amma ba wannan makon ba, ƙafarsa na ciwo.

Hular dai har yanzu ba ta dawo ba. Zanna Bukar ce, mai ruwan toka. Wanda ya tsinta ya ba mai kanti, ba sai ya faɗi sunansa ba.